Takardar da Aka Sa wa Roba

Mushe Attahir ya riƙe takardar da hannu biyu, ya ɗan lanƙwasa ta, ya saki. Ta miƙe da kanta, sumul, ko alamar lanƙwasa babu. Ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya juya bayanta, sannan ya cire tabarau ya dubi Rebeka.

"Wa yay yi maki wanga aiki?"

"Baba na, Mushe. Shi yak kai ta anka sa mata roba."

"Mushe Ishaya?"

"E."

Ya ce, "Kai, kai, kai," a hankali, kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

Mushe Attahir, wato Malam Attahir a Faransancin 'yan boko, shi ne ma'aikacin da ke karɓar dosiye, fayil ɗin takardun ɗaliban Tahoua masu neman shiga jami'a, ya tattara ya aika Yamai. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kabad na ƙarfe da ba ya rufuwa sai an tokare shi da kujera. Fankar sama ta daina juyawa tun bara, ba wanda ya tambayi dalili. Ya jawo hannun Rebeka ya ɗora yatsanta a kusurwar takardar ta ƙasa, inda wani da'ira ke nan dishi-dishi a ƙarƙashin robar.

"Shafa nan. Mi kinka ji?"

"Ban ji komi ba."

"Tau, shi na matsalar. Wanga hatimi ba na tawada ba na, na matsawa na. Tudu shika yi bisa takarda. Mutanen kwamiti da yatsa suka gane na gaskiya da na ƙarya. Zahin injin ya kwantar da shi. Ina ambulan ɗin da taz zo ciki?"

"Baba ya buɗe."

Mushe Attahir ya miƙe. Ya nuna mata jerin sharuɗɗa da aka manna a jikin ƙofa, ya sa farce a kan na huɗu. Rebeka ta san shi, ta karanta shi da safen nan tana cikin layi, amma ta ce wa ranta ai doka a takarda daban, a hannun mutane daban. Sharaɗin ya ce sakamakon karatun da aka yi a ƙasar waje sai na asali, cikin ambulan ɗinsa a liƙe kamar yadda jami'ar can ta rufe shi, ba gyara, ba kankara, ba roba.

Shekara biyu ke cikin wannan takarda. Rebeka ta fara zuwa Yamai ne bayan ta ci baka, jarrabawar ƙarshen sakandare, ta yi wata tara tana jiran a buɗe aji, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, ƙarshe aka soke shekarar baki ɗaya. Da ubanta ya ga alamar za a sake, sai ya sayar da mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, uwarta ta sayar da keken ɗinki, aka tura ta wata jami'a a Najeriya ta karanta ilimin aikin gona. Gwamnati ba ta aike ta ba, saboda haka ko dala ba ta taɓa ba ta ba. Ta gama aji biyu lafiya. Sai a farkon wannan shekara ta 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin da ake karɓa a hannun baƙin ɗalibai ya ninka a aljihun ubanta malamin firamare, ta tattara akwatinta ta dawo gida.

Abin da ya rage mata shi ne kwamitin daidaita karatu, wanda ke zama a Yamai sau ɗaya a shekara. In ya yarda da shekarunta biyu, za ta shiga aji uku, a ba ta bursu, kuɗin da gwamnati ke ba ɗalibi ya ci ya kwana. In ya ƙi, sai ta koma aji ɗaya, kuma ba a ba mai shekarunta bursu a aji ɗaya. Ba bursu kuwa ba Yamai, wannan kowa a gidansu ya sani ba sai an faɗa ba.

"Mushe, ba abin da za a iya?"

"Motar dosiye gobe da sahe taka tashi. Ni ina nan har ƙarhe biyat da rabi." Ya mayar mata da takardar. "Buga masu waya can, ko suna aiko da wata. In sunka ce ta taso, ni kan rubuta bisa dosiyen cewa tana hanya. In ba haka ba, koma wurin wanda yas sa robar, ko shi san yadda aka hidda ta. Ban ce maki shina yiwuwa ba hwa. Cewa niy yi ki gwada."

Ta fito. Rana ta riga ta yi sama, irin zafin bayan damina da ke fitowa ta ƙasa ya haɗu da na sama. Ta rungume dosiyen a ƙirji ta nufi gidan waya da ƙafa.

Ba ta gida lokacin da wasiƙar ta zo. Tana Barmou a watan Agusta, wani shirin raya karkara ya ɗauke ta aikin kwana ashirin tana auna gonaki. Adireshin da ta bayar a Najeriya akwatin gidan waya na majami'arsu ne, don duk Kiristocin unguwar da shi suke amfani, kuma mabuɗinsa yana aljihun ubanta shekara goma sha bakwai. Shi ne sakataren majami'ar. Kowace Asabar yakan kwaso wasiƙu, ya yanka bakin kowace da 'yar wuƙarsa, ya bi gida-gida ya karanta wa tsofaffi abin da 'ya'yansu suka rubuto daga Abidjan ko Arlit. Ba wanda ya taɓa kiran wannan shisshigi, hidima ce, har goro ake ba shi. To mutumin da ya buɗe wasiƙun mutane ɗari, ta 'yarsa ce zai tsaya kallo?

Ga shi kuma daminar bana ta zo da hauka. Ruwa ya karya kusurwar soron ɗakinsa, ya shiga akwatin ƙarfe, ya mayar da takardar shaidarsa ta malanta kamar tuwon da ya kwana. Kwana uku bayan haka sakamakon Rebeka ya iso. Mutumin da ba a biya shi albashi ba wata huɗu ya ɗauki kuɗin cefanen kwana biyu ya tafi shagon mai hoto. Ranar Lahadi ya kai takardar majami'a, ta zaga hannu-hannu, tsofaffin mata suna shafa ta suna cewa madalla. Da Rebeka ta dawo ya miƙa mata yana murmushi har kunne, ya ce ko cikin randa ta faɗa ba abin da zai same ta. Ta yi godiya har da durƙusawa. Ita ma a lokacin ba ta san da sharaɗi na huɗu ba, don ba a manna shi ko'ina sai a ƙofar Mushe Attahir.

A gidan waya ta tarar da Zalika a bayan kanta, tsohuwar 'yar ajinsu a lise, wato sakandare, yanzu ita ke haɗa layin ƙasashen waje.

"Ke, injiniya! Yaushe za a tahi?"

"Haɗa ni da Najeriya tukuna, Zalika. Ga lamba."

Zalika ta dube ta, ta bar wasan. Sau shida tana juya lambar, layin na yankewa tun kafin ya ƙetare iyaka. A na bakwai ta ɗaga hannu da sauri, Rebeka ta faɗa cikin ɗan akurkin katako ta ɗauki kan wayar. Wayar ta daɗe tana ƙara can nesa. Sai wani tsoho ya ɗauka, yana haki.

Ta fara da Ingilishi, ya katse ta. "Yi Hausa, 'yata, ni mai gadi ne."

"Baba, ofishin rajista nake nema. Ina magatakarda?"

"Wane magatakarda? Ai malamai na yajin aiki, yau wata na uku. Ma'aikata ma sun bi su. Ba kowa a nan sai ni da awakin mutane."

"Yaushe za a buɗe?"

"Wallahi da na sani da na gaya wa matata, kullum sai ta tambaye ni."

"Ba wanda zai iya ba ni takarda ɗaya? Sakamako ne kawai, yana cikin fayil."

"Fayil na ciki, mabuɗi na wajen mai shi, mai shi ya tafi garinsu. Ki yi haƙuri. Daga ina kike bugowa haka, muryarki na zuwa tana komawa?"

Ta ce daga Tahoua. Ya ce Allah sarki, ya ce ta gai da mutanen Nijar. Ta ajiye wayar ta tsaya cikin akurkin, gumi na bin bayanta, ba ta son fitowa. Da ta fito Zalika ta rubuta mata minti biyu a maimakon huɗu, ba ta tambaye ta komai ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Shagon Ɗanjuma mai hoto yana bakin kasuwa, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da igiyar raƙumi. Mutumin Najeriya ne, ya zo Tahoua da kyamara ɗaya shekara takwas da suka wuce, yanzu shi ke da injin sa roba guda ɗaya tak a garin. Yana ji da injin nan fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu, har mayafi ya ɗinka masa.

"A'a, 'yar Malam! Ga aikina ya dawo gaishe ni." Ya karɓi takardar ya duba gefunanta. "Kin gani? Ko iska ba ta shiga ba. Ruɓi biyu na sa mata, don Malam ya ce mai kauri yake so."

"Cire ta nake so ka yi."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya daina. Ta gaya masa abin da ake ciki. Ya zauna a kan benci yana sosa ƙeya.

"Wallahi ban sani ba. Katin ɗan ƙasa nake sa wa, da takardar haihuwa, da lasin mota. Jandarma ma nan suke kawo nasu. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce an ƙi."

"Na sani. Ba laifi na zo ɗora maka ba. Tana ciruwa?"

Maimakon ya amsa, sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wata tsohuwar takardar haihuwa da mai ita bai dawo karɓa ba. Ya kunna injin ya ɗumama ta, ya sa reza a kusurwa, ya ja a hankali, yana cije leɓe. Robar ta taso. Rubutun ya biyo ta. Rabin sunan mutumin yana jikin roba, rabi yana jikin takarda, takardar kuma ta rabe biyu kamar ɓawon albasa. Ya ajiye mata su a gabanta.

"Kin ga abin da ke faruwa. Taki ma ta fi wannan laushi. In kin ce in yi, zan yi, amma ba da yawuna ba."

Rebeka ta dubi tata. Ga sunanta, ga darussa ashirin da uku a jere, kowane da makinsa, tsaf, ana karanta su daga nesa. Ga wanda ta kwana uku tana zazzaɓi ta je ta rubuta. Komai yana nan, ba abin da ya ɓace, amma wai ba takarda ba ce. Wani baƙin ciki ya kama ta, irin wanda ba shi da wanda za a huce a kansa. Da mugu ne ya yi mata wannan, da ta san bakin ƙofar da za ta je ta yi ihu.

Ɗanjuma ya buɗe gwangwaninsa ya ce bari ya mayar da kuɗin Malam. Ta ce ya bar shi, ya yi aikin da aka sa shi.

Ta iso gida ana kiran azahar a masallacin unguwa. Uwarta, Godiya, tana tsakar gida tana ƙulla ƙanƙarar zoɓo a leda, sana'ar da ta kama tun da keken ɗinki ya tafi. Ubanta yana ƙarƙashin rumfa da rigar shan iska, yana rubuta rahoton taron dattawan majami'a, don su ma malaman firamare suna yajin aiki. Tun a hanya Rebeka ta shirya abin da za ta faɗa. Za ta ce bana an hana duk wanda ya yi karatu a Najeriya, doka ce daga sama. Ƙarya ce mai sauƙi, kuma a shekarun nan ba wanda zai yi mamakinta.

"Ƙaƙa, ɗiyata? Attahir ya amsa?"

"Wai bana ba su amsar na Najeriya, Baba."

Ya ajiye alƙalami. Shekara talatin yana kallon fuskokin yara masu cewa akuya ce ta cinye littafinsu.

"Wa yac ce?"

"Doka ta."

"Doka tana da lamba. Ta nawa?"

Ya miƙo hannu, ta ba shi dosiyen. A ciki akwai kwafen sharuɗɗan da Mushe Attahir ya sa mata. Ya gyara tabarau ya bi su da yatsa, yana motsa leɓe kamar yadda yake koya wa yara. A na huɗu yatsan ya tsaya. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Sannan ya zaro takardar mai roba ya ɗora a gwiwarsa, ya daɗe yana kallonta.

Godiya ta bar ƙullin da take yi, ta kira shi da sunan ɗansu na fari. "Baban Timoti, lahiya?"

"Ni na," ya ce. "Ni nik kashe ta."

"Wa kak kashe? Wace irin magana ta wagga?"

Rebeka ta durƙusa kusa da shi. "Baba, ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. Ko ni ag gida, da ni buɗe ta."

"Ke da kin tambaya. Ni ban tambayi kowa ba." Ya miƙe. "Godiya, ɗauko mani riga mai aiki. Attahir ɗalibina na, ni nik koya mashi riƙon alƙalami. Za ni gane shi."

Kafin su fita ya zauna ya yage takarda daga tsakiyar littafin rahoto, ya ja layi da rula, ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban kwamiti, da Faransancinsa na mutanen da, mai ladabi da dogayen jimloli. Ya bayyana ruwan Agusta, da akwatin ƙarfe, da wuƙar buɗe wasiƙa. Ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, in akwai hukunci a yi masa. Sau biyu yana sakewa don wani harafi bai fito yadda yake so ba. Godiya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu, ta ce wa Rebeka a hankali, "Kuɗɗin dosiyen na nan wurinki?" Rebeka ta taɓa bakin zanenta. Jika goma sha biyar ne, wato sefa dubu goma sha biyar, kuɗin duba dosiye, kwasar adashin zumuntar mata da uwar ta karɓa tun kafin layinta ya zo, wanda da shi aka yi niyyar sayen hatsi yanzu da yake da araha.

Ƙarfe huɗu suka shiga ofishin. Mushe Attahir na ganin tsohon ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi, ya zagayo ya gaishe shi da hannu biyu.

"Mushe, da ka aiko ai ni zo gida."

"Mai nema shi ka zuwa. Zamna, Attahir."

Bai zauna ba sai da tsohon ya zauna. Mushe Ishaya ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da Rebeka ba ta taɓa ganin ya yi ba sai a majami'a. Ta kau da kai, kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda. Ya miƙa wasiƙar. Attahir ya karanta ta har ƙarshe, ya ninke ta yadda take.

"Mushe, wallahi ko dutse yak karanta wagga sai ya ji. Amma ba ta isa gabansu. Dosiye takarda bakwai na, an ƙidaya. Akwai sakatare bakin ƙofa, aikinshi ke nan, shi ƙirga. In yag ga takwas, shi hidda ta takwas. In yaz zo ga ta huɗu yaj ji roba, shi aje dosiyen gehe. Malaman kwamiti ko ganin shi ba su yi."

"Kai ka san yarinyag ga. Ka san ba ta ƙarya."

"Na sani."

"Tau rubuta. Sa hannunka, ka buga hatiminka."

"Hatimina na cewa ni amsa na, ba na cewa gaskiya ta ba. Ba a ba ni wanga iko ba." Ya buɗe kabad ya ciro wasu dosiye uku da aka ɗaure da zare, ƙura ta hau su. "Na bara na. Duka roba. Guda ɗan Kalfu, biyu 'yan nan cikin gari. Haka sunka komo, ko buɗe su ba a yi ba. Tun sannan ni roƙi a riƙa sanarwa ga rediyo, anka ce babu kuɗɗin sanarwa."

"In anka aika dai haka nan, a bar ma Allah?"

"Ana iyawa. Amma in gaya maka gaskiya, Mushe, don ba ni iya ɓoye maka. Kuɗɗin ba su komowa. Kuma dosiyen da anka ƙi sau guda ba a sake kawo shi."

"In ta jira baɗi? A buɗe makarantar can, ta amso wata."

Attahir ya duba takardar haihuwar Rebeka, ko da yake ya riga ya duba da safe. "Watan Maris taka cika ashirin da shida. Bursu ashirin da biyat yat tsaya. Baɗi ko sun amshi shekarunta, ita za ta ɗauki nauyin kanta."

A waje wani yana ta buga babur ya ƙi tashi. Mushe Ishaya ya juya hularsa a gwiwa, ya sake juyawa.

"Ni da kai munka yi yajin aiki don a gyara ƙasag ga," ya ce, ba da faɗa ba. "Munka yi zaɓe, munka yi murna."

"Mun yi, Mushe."

"Aika shi. Rebeka, ba shi kuɗɗin."

Rebeka ta kwance bakin zanenta. Takardun kuɗin sun yi laushi da gumi, suna warin zoɓo da hayaƙi. Ta dubi dosiye ukun nan na bara a kan tebur, da zarensu da ba a ko kwance ba. Ta san in ta miƙa, ubanta zai samu wata biyu yana zuwa gidan waya kowace Asabar da sauran fata a ransa. Ta san kuma a watan Afrilu, lokacin da hatsi zai yi tsada, uwarta ce za ta bi gidajen mutane da kwarya. Ta mayar da kuɗin ta ƙulle.

"Mushe, ba ni dosiyena."

"Rebeka!"

"Baba, kuɗɗin hatsi na. Ba mu sayen a'a da jika goma sha biyat, an riga an ba mu ita kyauta."

Bai taɓa jin ta mayar masa da magana ba. Attahir ya tura mata dosiyen da hannu biyu, idonsa a ƙasa, ya ɗora wasiƙar tsohon a sama. Ya ce in an buɗe gasar ɗaukar malaman wucin gadi zai aiko mata, baka ɗinta ya isa. Ta yi godiya. Ya raka su har bakin ƙofa yana ba da haƙuri, kamar shi ya rubuta sharaɗin.

Ba su yi nisa ba. A gindin bishiyar bedi, wato darbejiya, da ke gaban ofishin akwai bencin siminti inda masu jira ke zama, yanzu ba kowa. Mushe Ishaya ya ce ƙafarsa, ya zauna. Ta zauna a gefensa, ta bar tazara kaɗan. Rana ta karkata, mata na wucewa da itace a ka, wata motar kasuwar Bambeye ta wuce a karkace da buhunan sabon gero. Tana jira ya yi mata faɗa, ko ya sake cewa laifinsa ne, ta riga ta tanadi amsar kowanne.

Sai ya zaro takardar daga cikin dosiyen, ya riƙe ta nesa da idonsa.

"Kin san ban iya Ingilishi ba," ya ce. "Ran da taz zo, lambobin kaɗai niƙ ƙirga. Ni kai ta majami'a, kowa na ce mani madalla, ni ko ban san mi an ciki ba. Kunya ta hana ni tambayarki." Ya ɗora yatsa a layin farko. "Wanga mi na?"

"Ilimin ƙasar noma na, Baba. Yadda aka gane ƙasa, wadda ka riƙe ruwa da wadda ba ta riƙewa."

"Wata nawa kunka yi kanshi?"

"Huɗu."

"Tau gaya mani. Tun daga farko, kamar ni ɗan aji na. In kin ƙare mu sauka ga na biyu."

"Baba, ashirin da ukku na."

"Ina za mu?"

Ta dube shi. Ya gyara zama, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa, ya ɗan karkato kunnensa mai ji sosai. Ta sunkuya ta ɗebo ƙasa daga gindin bencin, ta murza a tafin hannu ta nuna masa, ta fara bayani. A bayansu Mushe Attahir ya fito da buhun dosiyen da za su tafi gobe, ya kulle ofis, ya bi ta ɗaya gefen don kada ya katse su.